Tsofaffin fina-finan Amurka masu ƙaramin jari: wanne za a nema, wanne za a tsallake?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo a YouTube da tsofaffin fina-finan Amurka marasa kala, na shekarun 1930 zuwa farkon 1950. Yawancinsu awa ɗaya ne da 'yan mintoci, da tambarin Monogram ko PRC ko Republic ko RKO. Wasu sun riƙe ni har ƙarshe, wasu kuwa ko minti goma ban kai ba na kashe. Me ya sa aka yi su gajeru haka, kuma waɗanne za ka ce in nema?

Amsa: Malam, kashewar da ka yi ba laifinka ba ne. An yi irin waɗannan fina-finai da ɗaruruwa a kowace shekara, kuma mafi yawansu an yi su ne don cike gurbi. Sai dai a cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka fi manyan fina-finan zamaninsu ƙarko. Ma'aunin da nake auna su da shi guda ne: shin labarin da aka zaɓa daidai yake da aljihun kamfanin? Wanda ya ɗauko labarin mutum uku a cikin mota, ko mace ɗaya a kan titi cikin dare, zai iya yin abin kirki da ɗan kuɗi. Wanda ya ɗauko labarin dodo ko yaƙi ko dajin Afirka da wannan kuɗin, talaucinsa zai fito fili a kowace fitowa.

Gajartar tasu daga tsarin kasuwa ta samo asali. Bayan durƙushewar tattalin arzikin Amurka a 1929 mutane suka ja baya daga zuwa sinima, sai masu gidajen kallo suka koma nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 yawancin gidajen haka suke yi. Babban fim shi ne A, na rakiya shi ne B. A kan babban fim kamfani na karɓar kaso daga kuɗin ƙofa, amma na rakiya haya ce tsayayya: ko gida ya cika maƙil, ko kujeru ne kawai, kuɗin da za a biya ɗaya ne. Ke nan kamfani ya san abin da zai samu tun kafin a kunna kyamara, ribarsa tana cikin abin da bai kashe ba. Ga shi kuma dole fim biyu da labaran mako da katun su shiga cikin zama ɗaya, shi ya sa na rakiya yake tsayawa tsakanin minti 55 da 75.

Duba tambarin da ke farkon fim, don iri biyu ne. Manyan kamfanoni, wato MGM, Paramount, Warner, Fox da RKO, tare da Universal da Columbia, kowanne yana da sashen ƙananan fina-finai. Bryan Foy ne ya riƙe na Warner, Sol Wurtzel na Fox. Waɗannan suna cin gajiyar gidan masu hali: gine-ginen da aka kafa don babban fim, ɗakin tufafi, ƙwararrun masu haske da sauti waɗanda ana biyansu albashi ko da aiki ko babu. Ɗaya ɓangaren kuma ƙananan kamfanoni ne da ake kira Poverty Row, layin talakawa, da yawansu a kewayen titin Gower a Hollywood. Monogram ta fara a 1931. Republic ta kafu a 1935, lokacin da Herbert Yates, mai ɗakin wanke fim da ƙananan kamfanoni da dama ke riƙe da bashinsa, ya haɗe su wuri ɗaya. PRC ta zo a 1939, ita ce ta fi kowa ƙarancin jari, kuma zuwa 1947 Eagle-Lion ta haɗiye ta. Fim ɗin B na RKO zai iya cin dala 150,000, na kaboyi daga layin talakawa kuwa sau da yawa bai kai dala 20,000 ba, kuma cikin mako guda ake gama ɗauka.

Ga lissafin da zai nuna maka dalilin da ya sa wasu suke gundura. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Fim na minti 66 da za a ɗauka cikin kwana 6 yana buƙatar shafi 11 a kowace rana, alhali babban fim yana iya wuni a kan shafi biyu ko uku. Fim mai faɗin milimita 35 yana cin ƙafa 90 a minti ɗaya, kuma kowace ƙafa kuɗi ce, don haka ba a maimaita ɗauka sai in abin ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya fi cin lokaci shi ne sauya wa kyamara wuri, don duk sanda ta motsa sai an sake jera fitilu. Daraktan da ya gaji ko ba shi da dabara sai ya dasa kyamara daga nesa, ya watsa haske ko'ina daidai wa daida, ya jera 'yan wasa huɗu a gaban tebur suna ta bayani na minti uku. Wannan ita ce cutar yawancin fina-finan Monogram da PRC. In ka ga mutane a tsaye cikin ɗaki mai haske tas suna ba juna labarin abin da ya faru a wani wuri da ba a nuna maka ba, to kuɗin nunawar ne babu. Darakta Sam Newfield ya yi fim fiye da 250 a irin wannan gudu, har sai da ya riƙa sa sunayen aro, Sherman Scott da Peter Stewart, don kada a ga suna ɗaya a kan komai na PRC.

Sauran alamomin tsimi za ka riƙa gane su da kanka: hoton da aka aro daga tsohon fim, wanda ƙwayarsa ta fi kauri kuma haskensa bai dace da na kusa da shi ba, mota a tsaye cikin zauren ɗauka ana haska titi a majigi daga bayanta, dare da aka ɗauka da rana ta hanyar rage haske da sa wa kyamara gilashi mai duhu, inda za ka ga inuwar doki a ƙasa kamar ta tsakar rana. Fim ɗin Dillinger na Monogram na 1945 ya ɗebo fashin motar banki ɗungurungum daga wani fim na Fritz Lang na 1937, kuma duk da haka rubutunsa ya shiga takarar Oscar.

Yanzu ga ra'ayina kan waɗanda suka cancanta. Zan fara da furodusa Val Lewton, don a wurinsa ne za ka fi gane maganar. A 1942 RKO ta ba shi sashen fina-finan tsoro da sharuɗɗa uku: kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai ba shi suna, shi ya nemo labarin da zai dace da sunan. Ya yi guda tara tsakanin 1942 da 1946.

Cat People na 1942, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni, shi za ka fara nema. Labarin wata 'yar Sabiya ce a New York, Simone Simon ta fito a matsayinta, wadda ta yi imani cewa in kishi ko sha'awa ya motsa ta za ta rikiɗe ta zama baƙar damisa. Kamfanin da ba shi da tunani zai ɗinka wa mace rigar gashi ya sa mata farce, 'yan kallo su yi dariya. Lewton da mai ɗaukar hoto Nicholas Musuraca sun ƙi nuna rikiɗar. Ka lura da fitowar da abokiyar aikin mijin take tafiya ita kaɗai cikin dare a gefen wata katanga. Babu kiɗa. Fitilun titi suna da tazara, tana fita daga haske ta shiga duhu. Kana jin takun takalmi biyu, nata da na mai bin ta, sai na bayan ya ɗauke. Ta ƙara sauri, ta waiwaya, babu kowa. Can sai wani huci mai kama da na damisa ya ɓarke, ashe birkin bas ne da ta tsaya a gabanta. Abin da aka kashe a wannan fitowa katanga ce da fitilu kaɗan da bas ɗaya, kuma har yau masu fim ɗin tsoro suna kwaikwayonta. Haka fitowar wurin ninkaya: hasken ruwa yana rawa a bango, ana jin gurnani, inuwa tana wucewa, ba ka da tabbacin abin da ka gani. Katafaren benen gidan jarumar kuwa ragowar wani fim ne na Orson Welles da RKO ta gina masa tun kafin nan. Rauninsa ɗaya: mijin ba shi da armashi, duk fitowar da shi ke jan magana tana sanyi.

I Walked with a Zombie na 1943 suna ne na kasuwa a kan fim mai natsuwa. A ganina ya fi Cat People kyau a ido. Tafiyar da ma'aikaciyar jinya ta yi da marar lafiyarta cikin gonar rake da dare, iska tana kaɗa ganye, ganguna suna ƙara matsowa, ita ce fitowa mafi kyau a duk aikin Lewton. Abin da ya ƙara masa daraja a wurina shi ne bai ɓoye cewa arzikin gidan Turawan tsibirin a kan bayin da aka kwaso daga Afirka aka gina shi ba, kuma bai mayar da baƙaƙen tsibirin abin dariya ba, abin da ba kasafai ake samu a Hollywood ta wancan lokaci ba.

The Leopard Man, shi ma na 1943, ka kalle shi don minti ashirin na farko. Uwa ta aiki 'yarta sayen garin masara da dare, ta kulle ƙofa ta ce ba za ta buɗe ba sai ta dawo da shi, alhali damisa ta kuɓuce a garin. Kyamara tana cikin gida lokacin da yarinyar take dukan ƙofa, abin da kawai aka nuna shi ne abin da ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofar. Bayan nan fim ɗin ya koma binciken wa ya yi kisa, kuma za ka gano amsar da wuri. The Seventh Victim yana da duhun zuciya fiye da sauran, amma an yanke masa wasu fitowa kafin a sake shi, shi ya sa labarin yake tsalle. The Body Snatcher na 1945 kuwa, na Robert Wise, a nan Boris Karloff ya yi wasan da na fi so a duk aikinsa, direban keken doki mai sayar wa likita gawa, mai ladabi a baki da mugunta a ido.

Daga layin talakawa na ainihi, Detour na PRC na 1945 shi ne kan gaba. Edgar Ulmer ne darakta, mutumin da ya koyi aiki a Jamus, ya yi wa Universal The Black Cat a 1934, sannan manyan kamfanoni suka rufe masa ƙofa bayan ya auri matar wani ɗan'uwan mai Universal. Ulmer ya riƙa cewa cikin kwana shida ya ɗauki Detour. Masu bincike da suka duba takardun kamfanin sun ga ya fi haka a kwanaki da kuɗi. Ko ma dai yaya, ƙarancin jarin a bayyane yake. Makaɗin fiyano ne ya taso daga New York zuwa Los Angeles yana neman a rage masa hanya, mai motar da ya ɗauke shi ya mutu a hanya, shi kuma don tsoron kada a ce shi ya kashe, ya ɗauki motar da takardun mamacin. Birnin New York gaba ɗaya hazo ne da alamun sunan titi. Rabin fim ɗin a cikin mota ne da majigi a baya. A wasu hotunan hanya an juya nagatif don tafiyar ta fuskanci yamma, sai motoci suka koma bin hannun da ba nasu ba. Duk wannan bai cutar da shi ba, domin mutumin ne yake ba da labarin da bakinsa, yana wanke kansa, kuma duniyar da ba ta cika zama daidai ba ta dace da labarin wanda ba ka gama yarda da shi ba. Sannan kusan tsakiyar fim Ann Savage ta shigo a matsayin Vera. Tana kwance kamar mai barci a kujerar gaba, sai ta buɗe ido ta juyo ta tambaye shi inda ya kai mai motar. Daga nan har ƙarshe ba ta sassauta masa ba, magana take harbawa ba numfashi, gashi ba gyara, ba ta neman ɗan kallo ya so ta. Ban san wata jarumar babban kamfani ta lokacin da za a bari ta yi irin wannan wasa ba. Fitowar ƙarshe ta 'yan sanda an sa ta ne saboda dokar tace fina-finai da aka tsaurara tun 1934, wadda ba ta yarda mai laifi ya sha ba. A 1992 Amurka ta sa Detour cikin jerin fina-finan da ƙasa ke adanawa.

Sauran na PRC da suka kai a kalla ba su da yawa. Bluebeard na 1944, shi ma na Ulmer, John Carradine ya yi kyau a ciki, amma kiɗa ba ya tsayawa, yana danne magana. Strangler of the Swamp na 1946 bai cika awa ɗaya ba, kusan duka a fadama ɗaya ta wucin gadi da kwalekwalen fito da ake ja da igiya. Darakta Frank Wisbar ya sake yin wani fim nasa ne na Jamus, hazo ya rufe masa iyakar zauren. Daga Monogram ka nemi When Strangers Marry na 1944, inda za ka ga Robert Mitchum tun bai yi suna ba.

Fina-finan Bela Lugosi na waɗannan kamfanoni, wato The Devil Bat na PRC da guda tara da ya yi wa Monogram tsakanin 1941 da 1944, su ne misalin labarin da ya fi ƙarfin aljihu. A The Devil Bat, likita ne ya ƙera ƙaton jemage da ke kashe duk wanda ya shafa wani turare bayan aski. Dole a nuna jemagen, kuma abin da ake da shi ɗan tsana ne a kan waya, ana haɗa shi da hoton fuskar jemage na gaske wanda bai yi kama da shi ba. Lugosi yana ba da dukan ƙarfinsa, abin tausayi ne ganin gwani a irin wannan wuri. Ka kalli ɗaya don shi, ya isa.

A ƙarshen shekarun 1940 fina-finan 'yan sanda da ɓarayi suka fi cin moriyar duhu. Duk inda ka ga sunan John Alton a matsayin mai ɗaukar hoto, ka tsaya. Yakan haska ɗaki da fitila ɗaya ko biyu daga ƙasa ko daga gefe, sauran ya bar shi baƙi ƙirin, abin da ke rage lokacin jera fitilu kuma ya ɓoye bangon da ba a gama ginawa ba. T-Men na 1947 da Raw Deal na 1948, tare da darakta Anthony Mann, da He Walked by Night na 1948 duk aikinsa ne. T-Men yana da muryar mai sharhi da ke yabon hukuma, tana gajiyarwa, ka yi haƙuri da ita har ka kai fitowar ɗakin wankan tururi. Raw Deal ya fi shi labari. He Walked by Night kuwa ya ƙare da farauta a cikin manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin Los Angeles, hasken tocila kawai da amon takun ƙafa.

The Narrow Margin na RKO, wanda aka ɗauka a 1950 cikin mako biyu amma bai fito ba sai 1952, shi nake ba duk mai son koyon tsara fim. Ɗan sanda ne yake raka matar wani ɗan daba daga Chicago zuwa Los Angeles a jirgin ƙasa don ta ba da shaida, masu neman kashe ta suna cikin jirgin amma ba su san fuskarta ba. Minti 71, kusan duka a cikin tarago. Darakta Richard Fleischer bai sa kiɗa ba, ƙarar ƙafafun jirgi ce take riƙe da zuciya. Maimakon a cire bango don kyamara ta samu wuri, an riƙe ta a hannu a cikin ƙunci, har ƙaton fasinja da ke toshe hanya ya zama ɓangaren labari. Charles McGraw da Marie Windsor suna yanka wa juna magana tun daga farko. Ban ga minti ɗaya da za a cire ba.

The Hitch-Hiker na 1953, Ida Lupino ce ta ba da umarni, a lokacin da kusan babu wata mace darakta a Hollywood. Abokai biyu sun rage wa wani hanya, ashe makashi ne, ya tasa su da bindiga zuwa cikin hamadar Meziko. Idonsa ɗaya ba ya rufuwa ko yana barci, don haka ba su san lokacin da za su gudu ba. Wannan dabara ba ta ci ko kwabo ba, kuma ita ke riƙe da dukan dararen fim ɗin. Gun Crazy na 1950 ya ɗan fi waɗannan jari, amma ka gan shi don fashin banki da darakta Joseph Lewis ya ɗauka a jere ba yankewa, fiye da minti uku, kyamara tana kujerar baya ta mota a cikin gari na gaske. Farkonsa na kotu da yarinta yana da nauyi, ka daure.

Fina-finan kaboyi su ne suka fi yawa, kuma su ne dattawanmu suka fi sani, don irinsu aka riƙa nunawa a gidajen sinima na Kano da sauran birane kafin na Indiya su karɓe kasuwa. Tasirinsu ya kai har Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim a 1966 kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi. Guda 16 da John Wayne ya yi a ƙarƙashin kamfanin Lone Star tsakanin 1933 da 1935, kafin Stagecoach ta ɗaga shi a 1939, labarinsu kusan ɗaya ne kuma maganganun ba su da daɗi. Abin kallo shi ne Yakima Canutt, ɗan wasan kasada, wanda sau da yawa shi ne bos kuma shi ne yake faɗowa daga doki a madadin jarumi. Shi da Wayne suka gyara yadda ake naushi a fim: hannu ya wuce gaban fuska, kyamara tana kusurwar da ba za a ga tazarar ba, wanda aka nausa ya kifa kai, a ƙara sauti daga baya. In ingancin aiki kake so, Republic ta fi kowa. Darakta William Witney yakan yanka faɗa gunduwa-gunduwa ya ɗauki kowace da cikakken ƙarfi, a ɗan rage gudun kyamara ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa don motsi ya ƙara zafi a allo. 'Yan'uwan nan biyu, Howard da Theodore Lydecker, suna ƙera manyan samfuran gidaje da jirage su fasa su a waje cikin hasken rana, shi ya sa fashewar Republic take kama da gaske. Waƙoƙin Gene Autry da Roy Rogers kuwa sai mai ra'ayi.

Cikin jerin masu bincike, Sherlock Holmes guda 12 na Universal, daga 1942 zuwa 1946, su suka fi. Ka tsallake ukun farko na farfagandar yaƙi ka fara da The Scarlet Claw na 1944. Charlie Chan na Fox sun fi na Monogram nesa ba kusa ba. Da jerin ya koma Monogram a 1944 jari ya ragu sosai. A nan sai an faɗi gaskiya: Bature ne yake fitowa a matsayin Basine, kuma Mantan Moreland, baƙar fata mai baiwar barkwanci wanda sau da yawa ya fi kowa iya wasa a fim ɗin, kullum direba ne ko bara mai tsoro. Fina-finan daji irin su Jungle Jim da Bomba ban ba ka shawarar su ba. Afirkarsu gonar bishiyoyi ce a Kalifoniya da tsofaffin hotunan namun daji, mutanenta kuma 'yan dako ne ko masu ihu da mashi.

Tsarin ya mutu ne bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948, wanda ya hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen kallo karɓar fina-finai a dunƙule kuma ya raba su da gidajen sinimarsu. Talabijin ta ɗauke kaboyi da masu bincike. Monogram ta koma Allied Artists a 1953, RKO da Republic suka daina yin fim kafin 1960.

Saura maganar kwafi, kuma tana da muhimmanci, don mummunan kwafi ya sa mutane da yawa sun raina fim mai kyau. A dokar wancan lokaci haƙƙin mallaka shekara 28 ne, sai an sabunta. Kamfanonin da suka rushe ba su sabunta ba, shi ya sa Detour da The Hitch-Hiker da He Walked by Night da na Lone Star suke ko'ina kyauta. Matsalar ita ce yawancin abin da ake ɗorawa daga kwafin milimita 16 na gidajen talabijin aka kwafo, aka sake kwafowa, har baƙi ya zama toka-toka, fuska ta zama farin dunƙule. Fim ɗin da aka gina a kan duhu, in baƙinsa ya tafi, babu abin da ya rage. Kafin ka zauna ka duba abu huɗu. Siffar hoton ta zama kusan murabba'i, da baƙi a hagu da dama na allonka. In ya cika allo kuma fuskoki sun yi faɗi, an ja shi ne, ko an yanke sama da ƙasa. Ka gwada tsawonsa da na asali: Detour minti 68 ne, in ka ga 65 to an gudanar da shi a hoto 25 a daƙiƙa irin na talabijin ɗin Turai, wannan da sauƙi, amma in ka ga 58 an yanke shi. Ka tsallaka zuwa wata fitowar dare ka ga ko kana iya bambance baƙar riga da bangon bayanta. Ka kuma guji waɗanda aka shafa wa kala da kwamfuta, da na John Wayne da aka ɗora wa kiɗan zamani a shekarun 1980, don asalinsu ba su da kiɗa a tsakiya. Detour an gyara shi daga kwafe-kwafen milimita 35 a 2018, na Holmes kuma jami'ar UCLA ta gyara su. Waɗannan kwafin za ka nema. Na Lewton da The Narrow Margin har yanzu suna da mai su, don haka da wuya ka samu cikakkensu mai kyau a kyauta, sai ta faifai ko manhajar haya.